Suna Jirana, Ina Yawon Buɗe Ido

Bayan magariba ne, jirgin ruwan ya fara barin tashar, ɗan maigidana ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin mahaifinsa. Ina durƙushe ina cire wa tsohon safa. Ya ce in fito, yana da magana da ni. Muka tsaya a siririn lungun da ke tsakanin ɗakuna, inda mutum biyu ba sa wuce juna sai ɗaya ya karkace. Bai dubi fuskata ba. Ya ce da Larabci, "Allah ya girmama ladanka. Matarka ta rasu."

Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na dafa bango, domin ƙasan jirgin na motsi. Na miƙa hannu ya ba ni wayarsa, tawa ba ta aiki tun da muka bar Saudiyya. Na kira dattijon da muke hayar ɗaki ɗaya da shi a unguwar Jaradiya ta Riyadh, wanda na bar wa wannan lambar saboda ko ta-kwana.

Ko sallama bai amsa ba. Ya ce, "Ina ka shiga? Ina ka shiga, ɗan'uwa? Tun jiya da dare nake kiran yaron nan!"

Na ce, "Yaya, yanzu yake gaya mini."

Ina jin numfashinsa. Sannan ya ce, "An kai ta. Ba a daɗe da dawowa daga maƙabarta ba."

Daren jiya a Riyadh shi ne safiyar ranar a inda muke. Ke nan tun kafin mu sa ƙafa a garin da muka yini a ciki ɗan maigidana ya sani.

Direba nake a gidansu a unguwar Badi'a, har ranar da ɓarin jikin tsohon ya shanye. Daga nan aikina ya koma ɗaukarsa, da yi masa wanka, da tura kekensa. Mutum ne mai nauyi da baki, kuma bai yarda kowa ya taɓa shi sai ni. Da ya ce yana son ganin teku kafin ya mutu, babban ɗansa ya shirya tafiya mai nisa. Muka hau jirgin sama zuwa Ostireliya, daga can muka shiga wani jirgin ruwa mai girman unguwa, yana bin tsibiran tekun Fasifik ɗaya bayan ɗaya. Ijazata, wato lokacin hutuna na zuwa gida, ta riga ta yi a lokacin, aka ce in bari sai mun dawo. Na gaya wa matata, ta ce Allah ya kai mu lafiya, in taho mata da abin mutanen can.

A ranar da abin ya faru, jirgin ya tsaya da safe a wani gari na bakin teku. Ina riƙe da keken tsohon a bakin gadar sauka sai wayar ɗansa ta yi ƙara. Ya duba, ya koma gefe can kusa da ƙarfen baranda, ya juya mana baya. Ya daɗe. Tsohon ya ce, "Wannan yaron ko a kabari zai amsa waya." Na yi dariya. Da ya dawo ya dube ni fiye da yadda ya saba, sannan ya ce, "Yalla, mu sauka."

A ƙasan gadar akwai maza da mata suna waƙa da tafi, suna rataya wa kowa sarƙar furanni a wuya. Baƙaƙe ne kamar mu, masu faɗin kafaɗa da tarin gashi, mazan sanye da zane iya gwiwa har da 'yan sandansu. Tsohon ya waiwayo ya ce, "Ya waladi, ɗana, ashe danginka ne a nan. Je ka gaishe su, ƙila a ba mu masauki kyauta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, dangina maza ba sa ɗaura zane."

"Ƙarya kake, na gan ka da zane a ɗakinka."

Haka muke da shi. Ina faɗin wannan ne domin a san cewa na ji daɗin safiyar. Da a ce ranar ta zo mini da wani nauyi a ƙirji, da na ce jikina ya ba ni. Jikina bai ba ni komai ba.

Wani mai jagora ya ɗauke mu a ƙaramar mota. Duk inda aka tsaya sai in rungumo tsohon in sauke shi a keke, in an gama kallo in mayar da shi. Farko aka kai mu kasuwa. Ban taɓa tsammanin zan ga gwaza da rogo da dankali jibge a ƙarshen duniya ba, an kasa su kashi-kashi a kan buhu kamar a kasuwar garinmu. Ga abarba, ga gwanda, ga kifi mai launi kamar an yi masa fenti. Wata mata mai sayar da kwakwa ta sare kan ɗaya da adda ta miƙa mini, ta tambaye ni da Turanci daga ina. Na ce Najeriya. Ta kira maƙwabciyarta ta zo ta gan ni. Suka yi ta dariya, wai tun da jiragen nan suke zuwa ba su taɓa ganin nasu ya sauko daga ciki ba.

A cikin kasuwar na ga yadi mai manyan furanni shuɗi da fari, na tsaya ina taɓawa, ina tunanin ko zai yi wa matata. Ɗan maigidana ya zo ya tsaya a bayana. Ya ce, "Kana so?" Na ce ina dubawa ne. Ya zaro kuɗi ya biya, ya haɗa mini da riga. Tun da nake gidansu bai taɓa saya mini ko ruwan sha da hannunsa ba. Na yi ta godiya, na ce, "Matata za ta yi murna." Ya ce, "Ba komai." Ya ji wannan magana da kunnensa, ya ce ba komai, ya karɓi canji.

Daga nan sai gidan tarihi. Akwai wani kwalekwale a ciki mai tsawon bas biyu, an ɗaure katakonsa da igiyar bawon kwakwa, babu ƙusa ko ɗaya. Mai jagora ya ce da irinsa kakanninsu suka ƙetare teku suna bin taurari. Tsohon ya sa na zagaya da shi har sau biyu. Wayar ɗansa ta yi ƙara a aljihu, ya ciro ya duba ya kashe. Muna gaban wasu kulake na yaƙi ta sake yi. Tsohon ya ce, "Wai wane ne?" Ya ce, "Ofis ne, Baba."

Da azahar mai jagora ya nuna mana wani masallaci fari a bayan shagunan Indiyawa. Na yi wa tsohon alwala, na tura shi har sahu. Bayan sallama na yi addu'ar da na saba, Allah ya ba iyalina lafiya, ya sada ni da su da alheri. Mutanen masallacin suka zo suna ba mu hannu, limamin ya ce mu tsaya shayi. Na sha tuna masallacin nan daga baya. Da na sani, a nan zan zauna, in gaya wa limamin, Musulmi 'yan'uwana su ɗaga hannu su roƙa mata gafara tun tana kan tabarma ba a kai ta ba.

Da muka fito na ce wa ɗan maigidana, "Ranka ya daɗe, ko za ka ara mini waya in kira gida? Tun wancan tsibirin ban ji su ba."

Ya duba agogonsa. Ya ce, "Yanzu tsakar dare ne a wurinku. Kada ka tashe su. Bari sai mun koma jirgi."

Na ce gaskiya ne, ban yi wannan tunanin ba. Har na gode masa.

Tsakar dare ne, bai yi ƙarya ba. Amma babu wanda ke barci a gidanmu. Daga baya aka ba ni labarin daren. Bayan sallar isha'i matata ta fito tsakar gida za ta kwashe kwanuka, ta yanke jiki ta faɗi. Hawan jini ne. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa. Lokacin bazara ne, ga zafi ga rashin wuta, aka tsayar da jana'iza da sassafe. A wurinmu ba a ɗaukar matar aure zuwa makwancinta sai an nemi mijinta ya ce ya yafe mata. In yana nan, a kan gawar yake faɗa. In yana nesa, a kira shi a kara wayar, mutane su ji, su shaida. Surukata, mahaifiyarta, ita ta riƙe wayar. Matar da tun da na auri 'yarta ba ta taɓa haɗa ido da ni ba, gaisuwa ma daga bayan labule take amsawa, ita ce ta kwana zaune a gefen gawar da waya a cinya tana jiran muryata. Da aka yi wanka aka sa likkafani, ta hana a rufe fuskar. Ta ce a bari, zai kira.

Ni kuwa a lokacin ina zaune a wani gidan abinci da ke kallon tashar jiragen ruwa. A ka'ida ina ba tsohon abinci ne tukuna, sannan in ci nawa a gefe. Ran nan kuwa ɗansa ya ja mini kujera ya ce in zauna tare da su. Aka kawo gasasshen kifi da dafaffiyar gwaza. Na ci na ƙoshi. Ya ce a ƙaro mini.

Abu na ƙarshe da aka kai mu kallo rawa ce, a wani fili da ke bayan gari. Samari suka fito da bantunan ciyawa da kulake, suna buga ƙafa suna ihu. Can suka fara jawo baƙi cikin fili. Tsohon ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna ni, yana cewa, "Wannan! Ku ɗauki wannan, naku ne!" Na ƙi, suka ja ni. Na shiga, da furanni a wuyana, na yi tsalle, na buga ƙafa, tsohon yana dariya har da hawaye. Ɗansa ya ɗaga waya yana ɗaukata. Wayar da ake kira ke nan.

Wannan shi ne yinin. Mun koma jirgi da la'asar sakaliya, na yi wa tsohon wanka, na ba shi magani, muka yi magariba. Sai da aka janye gada, jirgi ya motsa, babu sauran aikin ɗauka da saukewa, sannan aka ƙwanƙwasa ƙofa.

Bayan na gama da dattijon Jaradiya na kira gida. Wan matata ya ɗauka. Ina jin hayaniyar maza a ƙofar gida ana ta gaisuwa. Ya ce mini, "Ya haƙuri?" Na ce haƙuri sai ma'aiki. Ya ce sun jira har rana ta fara ɗagawa, liman ya ce ba a ajiye gawa saboda waya, sai ƙanena ya tsaya ya ce ya yafe a madadina. Na ce a ba ni Inna. Aka daɗe. Ina jin ana cewa, "Karɓi mana, shi ne."

Na gaishe ta. Ba ta amsa ba. Na ce, "Inna, na yafe mata. Duniya da lahira na yafe mata. Ba ta taɓa yi mini komai ba."

Ta ce, "To."

Na ce, "Wallahi yanzu aka gaya mini."

Ta ce, "Mun jira ka." Muryarta ta dushe. "Ni na rufe fuskar da hannuna."

Layin ya fara yankewa, domin mun yi nisa da gaɓa. Na miƙa wa ɗan maigidana wayarsa. Yana tsaye a inda na bar shi.

Na ce, "Tun safe ka sani."

Ya ce, "Ka saurare ni. Me za ka iya yi? Ko jirgin sama na saya maka a take, ba za ka riski jana'iza ba. Na ga gara ka yini da kwanciyar hankali."

"Ba a ce in zo ba. An ce in kira."

"Mutuminku ya yi wata magana ta yafiya. Ai wannan ba sharaɗi ba ne a addini, ka tambayi kowane malami. Allah ya san zuciyarka."

Na kafe shi da ido. Kallon ya dame shi, ya ƙara da cewa, "Kuma Baba ya daɗe yana jiran garin nan. In ka rikice, wa zai ɗauke shi?"

Wannan ta ƙarshen ita ce gaskiyar. Na san addinina gwargwado, na san ba farilla ba ce. Amma ba shi aka tambaya ko farilla ce ba. An ba shi saƙo ya isar, na minti biyu, ya sa a aljihu ya yini da shi. Na tuna fasfona na cikin jakarsa, iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, da sunan ubansa take, yarana kuma yau sun kwana ba uwa, abincinsu daga gidan nan yake fitowa. Na sa hannuwana a baya na riƙe ɗaya da ɗaya. Daga cikin ɗaki tsohon ya ƙwala kira, "Ya waladi, ka bar ni da safa ɗaya!" Na koma na cire masa ɗayar.

Washegari ɗan ya gaya masa matata ta rasu, bai gaya masa yaushe aka kira ba. Tsohon ya kama hannuna ya yi kuka sosai, ya ce a yi mini duk abin da ya kamata. Ban ce masa komai ba. Mutum ne da likita ya hana a tayar masa da hankali, kuma ba shi ya yi ba. Sauran tsibiran duk na sauka, na tura keke, an rataya mini furanni. Ban iya tuna ko ɗaya. Yadin nan mai shuɗi na bar shi a ƙarƙashin gadon jirgi, da rigar.

Da muka dawo Riyadh aka ba ni kwana uku. Na tafi Jaradiya. 'Yan'uwa suka shimfiɗa tabarmi a saman bene, direbobi da magina da masu gadi suna zuwa bayan sun tashi aiki, da ƙurar siminti a ƙafafunsu, a yi fatiha a zauna. Wani ya dafo shinkafa, wani ya kawo katan na ruwa. A nan ne na fara jin an yi mini mutuwa.

Da mutane suka ragu dattijon ya matso kusa da ni. Tun da na zo yake kauce wa idona. Ya ce, "Ni na jawo. Da na ce masa kawai ya ba ka waya, ana nemanka da gaggawa, da ya miƙa maka."

Na ce, "To me ya hana ka, Yaya?"

Ya ce, "Ka san yadda muke. Ba a jefa wa mutum labarin mutuwa ta waya yana tsaye a tsakiyar baƙi. Ana neman babba na kusa da shi a gaya masa, ya zaunar da shi, ya dafa shi. Na duba, a duk tekun nan wa kake da shi? Sai na gaya masa komai dalla-dalla, har maganar surukarka. Na ce ya zaunar da kai ya gaya maka, sannan ku kira. Ya ce abshir, wato an gama, yanzu-yanzu." Ya share fuska da hularsa. "Na ɗauka mutum ne."

Na ji haushinsa shi ma a ranar, ba zan ɓoye ba. Amma ya yi abin da aka koya mana ne, kuma ya kwana yana kira. Na ce masa ya bar maganar.

Bizar fita da dawowa ba ta samu ba sai da aka nemo wanda tsohon zai yarda ya riƙe shi, aka gwada wannan ya kora, aka gwada wancan ya kora. Kafin in isa gida damina ta wuce. Ƙanena ya kai ni maƙabarta, muka sami ciyawa ta rufe wurin, ruwa ya kwantar da tudun. Ya tsaya tsakanin kaburbura biyu, ya ce yana kyautata zaton na dama ne. Na durƙusa a tsakiya na faɗi abin da zan faɗa. Surukata ta amsa gaisuwata daga bayan labule kamar da, ta sa aka kawo mini ruwa da fura. Ba ta sake tayar da maganar ba, kuma ita ke riƙe da yaran. Na gaya wa wan matata yadda abin ya faru. Ko ya isar mata, ko ta yarda, ban sani ba.

Na koma bakin aikina. Wata rana ana gab da azumi na ɗauko ɗan maigidana daga ofishinsa a Malaz, motarsa na gareji. Yana baya yana latsa waya. Muna tsaye a danja sai ya ajiye ta, ya kira ni.

Ya ce, "Maganar nan ta cikin jirgi. Ga wata mai alfarma na zuwa. Hallilni." Wato in warware masa haƙƙina, in yafe.

Na dube shi ta madubi. Yana jira, kamar mai jiran a miƙo masa makulli. Danja ta ba da hannu, na bayanmu suka fara danna hon, na ja mota. Muka isa Badi'a. Na buɗe masa ƙofa ya fita, na shiga ciki domin lokacin maganin tsohon ya yi.

Malamin da muke karatu a wurinsa ranar Juma'a ya ce mini mai yafiya ya fi lada, kuma na san haka ne. Ina so in iya. Har yau ina gidan, muna haɗuwa kullum a bakin ƙofar mahaifinsa, ina gaishe shi yana amsawa. Bai sake tambaya ba, ni kuma ban ba shi amsa ba tukuna.